Ranar da satifiket ɗin Charles ko Fiddler ya ƙare

Duk mai haɗa manhajar waya ya san Charles, Fiddler da mitmproxy. Manhajoji ne da muke sakawa tsakanin waya da saba (kwamfutar intanet da wayar ke musayar bayanai da ita) don mu ga abin da ke kai-komo. Da yake HTTPS, hanyar da bayanan ke bi, a kulle yake, kowannensu yakan ƙirƙiri satifiket nasa na tushe, wato shaidar dijital da na'ura ke dubawa kafin ta yarda da haɗi, kai kuma ka girka shi a wayar gwaji, ka ce ka amince. Wannan satifiket yana da wa'adi. Ranar da ya cika, komai sai ya tsaya cak, Chrome ya dinga nuna NET::ERR_CERT_DATE_INVALID.

A ofishinmu na Yaba agogo muke fara dubawa. Yawancin kwamfutocin gwajinmu tokunbo ne daga Computer Village a Ikeja, kuma ɗan batirin da ke riƙe musu lokaci yakan mutu. Da an ɗauke wuta caji ya ƙare, sai kwamfuta ta farka a wata shekara can baya, ta ƙi satifiket mai lafiya lau. Wani lokaci kuma daga saba matsalar take, kamar ranar 30 ga Satumba 2021 da wa'adin wani satifiket na tushe mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, tsofaffin na'urori suka daina buɗe shafuka masu satifiket na Let's Encrypt, wata cibiyar bayar da satifiket.

Sabuntawar ba wuya. Fiddler yana da Reset All Certificates a sashen HTTPS. A mitmproxy ka goge fayilolin cikin folda mai suna .mitmproxy, ka sake kunna shi, ka buɗe shafin mitm.it a waya don sauke sabon satifiket.

A wayar ne ake shan wahala. Sai ka cire tsohon tukuna, domin sunansu ɗaya da sabon, ido ba ya bambance su. A iPhone, tun daga iOS 10.3, girkawa kaɗai ba ta isa ba, sai ka shiga Certificate Trust Settings ka kunna amincewa da hannunka. Android kuwa tun sigar 7 ta 2016 manhajoji ba sa yarda da satifiket ɗin da mai waya ya saka, sai an ba da izini a saitin tsaron manhajar, kuma a ta gwaji kaɗai ya kamata a yi haka.

Wani yaro da muke aiki tare, ɗan Agege, ya taɓa ce min, "Yaya, mu kashe tantance satifiket a manhajar mana, gobe ma mayar." Na ƙi. Manhajar biyan kuɗi muke yi, kuma irin wannan gyara na wucin gadi a manhaja shi ne ake mantawa har ya kai wayoyin kwastomomi, duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da su ya samu damar karanta bayanansu. Tare muka zauna muka sake girka satifiket a wayoyin ɗaya bayan ɗaya, muka manna wa kowace 'yar takarda a baya da ranar ƙarewar wa'adinsa.