Daga Bauchi zuwa Bormi a makon rasuwar Sarauniyar Ingila

Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar Alhamis, 8 ga Satumba 2022, kuma kafin a binne ta ranar 19 ga wata na bar Bauchi zuwa Bormi, kusa da Bajoga a jihar Gombe, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Bauchi zuwa Gombe wajen kilomita 150 ne, ta gadar Dindima da Alkaleri. Mai son wannan tafiya ya yi sammako, don motar rana sai ta cika take tashi, kuma idan la'asar ta riske ka a garin Gombe, Bormi ta kuɓuce maka sai gobe.

Tun ba mu wuce Dindima ba musu ya kaure a motar. Wani matashi riƙe da waya ya ce bai ga dalilin da sarakunanmu za su riƙa aika ta'aziyya ga gidan da ya ci ƙasarsu da yaƙi ba. Dattijon da ke gaba, tsohon malamin firamare, ya waiwayo ya ce, "Yaro, shekararta nawa lokacin da aka ci Bauchi?" Ba a ma haife ta ba. An ci Bauchi a 1902, aka tuɓe Sarki Umaru, aka yi yaƙin Bormi a 1903, duk a zamanin Edward na Bakwai, kakan mahaifinta. Ita an haife ta a 1926, ta hau a 1952. Matashin bai ja da baya ba: "Baba, ai wanda ya ci gado shi ke biyan bashi." A ganina kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Ba ita ta harba bindiga ba, amma ita ce shugabar ƙasar Najeriya a takarda daga 1960 har zuwa 1 ga Oktoba 1963, kuma da sunanta aka ba Abubakar Tafawa Ɓalewa lambar Sir. Mu 'yan Bauchi ba ma faɗin sunansa ba tare da wannan lamba ba, ko da muna cikin zagin Turawa.

Gombe ta fi Bauchi tsarin titi, wannan ba musu, amma 'yan keken bakin tasha sun fi namu tsawwalawa idan suka ga jaka a hannunka. Matsa gaba kaɗan daga ƙofar tasha, kuɗin zai ragu. Motar Bajoga tana bi ta Malam Sidi. A wani shinge wani jami'i ya sa aka sauke mana kaya a rana, ya juya katin shaidata gaba da baya, ya ce, "Yallaɓai, kabari za ka je gani? Babu matattu a garinku?" Na yi shiru, direba ya sallame shi yadda aka saba.

Daga Bajoga sai acaɓa. Ka yi ciniki na zuwa da dawowa har da jira, kuma kada ka biya duka tun farko, domin a can ba za ka samu wani babur ba. Nawa ya fara da ninki biyu, ya kawo hujjar tsadar mai da taɓo, muka tsaya a tsakiya. Hujjar taɓon gaskiya ce: a Satumba hanyar gona ce, gero da dawa sun rufe gefe da gefe, wasu wuraren sai an sauka an tura. Ka fara gaida jauron ƙauyen kafin ka shiga. Wanda ya karɓe ni ya sa aka dama fura da nono mai kauri a ƙwarya, ya haɗa ni da ɗan rakiya, da na miƙa masa wani abu ya ture hannuna ya ce, "Malam, baƙon Sarkin Musulmi ba ya biya."

A nan ne Attahiru ya tsaya bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris 1903, yana hijira zuwa gabas. A harin farko da Turawa suka kawo a watan Mayu, mutanen Bormi suka mayar da su baya. Turawa suka dawo ranar 27 ga Yuli da manyan bindigogi, aka kashe shi tare da ɗaruruwan mutane, aka ƙone garin. Manjo Marsh, wanda ya jagoranci sojojin, shi ma a nan ya mutu, kabarinsa yana nan. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har Sudan. Abin da ya ba ni haushi shi ne halin da wurin yake ciki. Kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi yana da gini, da ma'aikata, da ɗakin ajiye kayansa. A Bormi ba don ɗan rakiya ba, sai ka wuce ba ka sani ba. Wannan sakacin ba Landan ce ta yi mana shi ba.

Kuma sarautar da ya kamata a yi musu a kanta tana gida. Turawa ne suka ɗage hedikwatar masarautar Gombe daga Gombe Abba ta Buba Yero zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Gombe Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Su suka kawo sandar girma da darajojin sarakuna, suka mayar da naɗi da tuɓewa hannun gwamna. Sojoji suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidan yari daga En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, tsarin mulkin 1999 bai ba sarki wani aiki ba. Amma ikon gwamna a kan rawani yana nan yadda Gwamna Lugga (Lugard) ya bar shi. An gani a Billiri a 2021, bayan rasuwar Mai Tangale, yadda zaɓen magaji ya jawo tarzoma da dokar hana fita.

A dawowa na kwana Bajoga, garin cike da tirelolin siminti na Ashaka. Masa ba ta kai ta Bauchi ba. Washegari ruwa ya tsare mu a Alkaleri har bayan azahar.