Ziyarar da na kai Okinawa, fagen yaƙin 1945

Daga Osaka zuwa Naha, babban birnin Okinawa, tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin sama. Hutun makaranta na samu, na ce bari in je in ga tsibirin da Amurka da Japan suka gwabza yaƙi a kansa daga 1 ga Afrilu zuwa ƙarshen Yunin 1945. Tun a ranar farko tasi ta ci mini aljihu. A nan babu "nawa za ka rage", abin da mita ta nuna shi za ka biya, direba ya rusuna maka cikin ladabi ya karɓe kuɗinka. Da a Kano ne da an yi ciniki.

A Yomitan na sauka, gidan wata tsohuwa mai karɓar baƙi. Mutanen Okinawa ba sa wasa da naman alade, har a romon taliyarsu yana nan, na riga na saduda cewa shinkafa da kifi zan yi ta ci. Da tsohuwar ta ji ni Musulmi ne sai ta ɗauko tukunya daban ta soya mini goya da ƙwai da awara. Goya ɗin nan dangin garafuni ne, ɗaci kam ba a magana. Tana tsaye a kaina tana cewa, "Ci, ɗana, maganin zafi ne."

Ɗanta ne ya zaga da ni a motarsa, ya kuma ƙi karɓar ko kuɗin mai. Ya nuna mini gaɓar da sojojin Amurka suka sauka. A ranar ba su sami turjiya ba, kafin faɗuwar rana sun kama filayen jirgin sama na Yomitan da Kadena, domin Janar Ushijima, kwamandan sojan Japan, ya ja rundunarsa kudu yana jiransu a cikin ramuka. Daga nan muka je bakin kogon Chibichiri. An cusa wa mutanen ƙauye cewa gara mutuwa da faɗawa hannun Amurkawa, sai sama da mutum 80 suka hallaka kansu da 'ya'yansu a ciki. Kusa da shi akwai kogon Shimuku, inda wajen mutum 1,000 suka fito da ransu, saboda wasu dattawa biyu da suka taɓa zama a Hawai sun lallashe su. Yana cikin ba ni labarin sai wani jirgin yaƙi ya keto ta samanmu daga sansanin Kadena, ya yi shiru sai da ƙarar ta lafa, ya ɗora daga inda ya tsaya, ko sama bai kalla ba. Tun 1972 aka mayar wa Japan da tsibirin, amma sansanonin Amurka suna nan daram.

A Tomigusuku na shiga ramin hedkwatar sojan ruwan Japan, wanda aka haƙa da hannu a 1944. Sawun diga na nan a bango, akwai kuma ɗakin da ɓarɓashin gurneti ya yi wa bangonsa huji-huji. A nan kwamandansu Admiral Ota ya kashe kansa ranar 13 ga Yuni. Tun kafin lokacin teku ta riga ta ƙwace wa Japan: jiragen saman Amurka sun nutsar da katafaren jirgin ruwan Yamato ranar 7 ga Afrilu bai ko iso tsibirin ba, duk da cewa matuƙan ƙunar baƙin wake na kamikaze sun yi wa jiragen ruwan Amurka mummunar ɓarna.

Mabuni, can ƙarshen kudu, shiga filinta na tunawa da yaƙin kyauta ne, abin da ban saba gani a Japan ba. An zana sunayen mamatan yaƙin sama da 240,000 a baƙaƙen duwatsu, na Japan da na Amurka da na Koriya, soja da farar hula, kuma na 'yan Okinawa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Kusan ɗaya cikin huɗu na mutanen tsibirin ne ya mutu.

Fadar Shuri ta tsoffin sarakunan tsibirin da ta ƙone a 2019 na tarar ana kan sake gina ta, ban daɗe ba. Tsarabar titin Kokusai tsada gare ta, kek ɗin dankalin hausa mai launin shunayya kawai na iya saya.