Abin da riƙe shafukan jami'armu ya koya mini

Ina aiki a sashen hulɗa da jama'a na wata jami'ar gwamnatin tarayya a arewacin Najeriya, kuma ni aka damƙa wa shafukanta na sada zumunta. Lokacin da na karɓa, abin da ke shafinmu na Facebook bai wuce hotuna ba: shugaba ya karɓi baƙi, an buɗe sabon gini, an kai ziyarar ban girma fadar sarki. Hotunan suna da kyau, manya kuma suna jin daɗinsu. Amma a akwatin saƙo babu mai tambayar baƙin shugaba. Yaushe za a rufe rajista? Sunan ɗana ya fito? Wannan lambar asusun da aka turo mana ta jami'a ce? Saƙonni jibge, wasu sun yi watanni ba a buɗe su ba.

Tambayar lambar asusun ce ta fi tayar mini da hankali, domin kowace irinta na nufin akwai wani uba da ke gab da tura wa ɗan damfara kuɗin guminsa. Masu wannan sana'a sun san aikinsu. Sukan buɗe shafi da sunan jami'a, su ɗora tambarinta, su kwafi hotunan da mu muka ɗauka, sannan su yi alkawarin gurbin karatu a likitanci ko lauya ga wanda ya biya. Suna amsa saƙo cikin minti biyar, mu kuwa shiru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shirun nan namu shi ne tsagewar.

Maganin da muka samu ba wani abu ne mai wuya ba, maimaici ne. Tun 2017 hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ta fito da tsarin CAPS na intanet, wanda ta cikinsa kowane gurbin karatu ke bi, ɗalibi kuma shi da kansa zai shiga ya ga an ba shi, ya karɓa ko ya ƙi. Kuɗin makarantun tarayya kuwa, tun da aka tilasta asusun bai ɗaya na gwamnati a 2015, ba sa shiga asusun wani mutum. Saboda haka saƙonmu ya zama jimla biyu: gurbin da ba ka gani a CAPS ba babu shi, kuma duk lambar asusun da ke ɗauke da sunan mutum ba tamu ba ce. Muka riƙa faɗa kowane mako a lokacin ɗaukar ɗalibai, har abokan aiki suka fara cewa mun ishi mutane. Ban yarda da su ba. Kowace shekara sabbin iyaye ne ke zuwa, wanda ya ji bara ba shi ke nema bana ba.

Babban sauyin ya zo ne da muka fara magana da Hausa. Takardun jami'a da Turanci suke fita, Turancin ofis mai nauyi wanda ko ɗalibi sai ya karanta sau biyu. Alhali mai biyan kuɗin makarantar sau da yawa ɗan kasuwa ne ko manomi ko uwa mai sana'ar cikin gida, wasu ma da ajami suka fi sabawa. Sai muka ɗauki al'adar bin kowace sanarwa da bayanin Hausa, mu kuma naɗi saƙon murya na minti ɗaya mu ba wakilan aji su watsa a WhatsApp. Saƙon murya yana kaiwa inda rubutu ba ya kaiwa, ba ya cin data da yawa, kuma ɗalibi yana iya kunna wa mahaifinsa a zaure. Idan sanarwar mai girma ce, kamar sauya ranar jarrabawa, mukan haɗa da gidan rediyo, don har gobe rediyo ne abokin hirar mutanen karkara.

Yajin aikin malamai ya gwada mu ƙwarai. Na 2020 ya haɗu da kullen korona, ya kai wata tara. Na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. A duk tsawon lokacin, kusan kowane mako sai takardar bogi ta fito da hatimi da sa hannu, tana cewa a koma makaranta ranar Litinin. Akwai ɗaliban da suka hau mota daga nesa suka zo suka tarar da ɗakunan kwana a rufe. Ita kuwa sanarwar gaskiya sai fayil ya bi tebur-tebur kafin ta fito, wani lokaci kwana biyu. Na je wurin magatakarda na ce, "Ranka ya daɗe, ba na neman izinin faɗin abin da majalisar jami'a ba ta yanke ba. Izinin da nake nema na cewa ba mu fitar da komai ba ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wannan kam je ka faɗa, amma kada ka ƙara ko harafi." Daga ranar, da zarar takardar ƙarya ta ɓulla sai mu ɗora hotonta da jan rubutu a kai cewa ba tamu ba ce. Wannan ɗan izinin ya fi duk wani kayan aiki da aka taɓa saya mana amfani.

A 2021 muka gane hatsarin dogaro da kafa ɗaya. A watan Yuni gwamnati ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Tun daga nan kowace muhimmiyar sanarwa sai ta hau allon sanarwa na tsangayoyi, ta kuma tafi ta saƙon tes.

Inda muka fi samun saɓani da manya shi ne ƙorafi. Ɗalibi zai rubuta cewa babu ruwa a ɗakin kwanan mata, ko sakamakonsa ya ɓata, sai a kira ni a ce in goge. Na fahimci damuwarsu, sunan jami'a abin karewa ne. Amma gogewa ba ta kawo ruwa, kuma kafin ka goge wani ya ɗauki hoton rubutun, gobe labari ya zama biyu: babu ruwa, kuma jami'a na toshe bakin ɗalibai. Abin da nake yi shi ne in amsa cewa mun gani, in kai wa sashen da abin ya shafa, in dawo in faɗi abin da aka yi. Zagi da cin mutunci kaɗai nake cirewa. Ƙorafin da ya shafi cin zarafin ɗaliba kuwa ba na barin sa a fili ko kaɗan, nakan tura ta ga kwamitin da aka kafa don haka, saboda mutuncinta.

Mutuncin nan ya shafi hotuna ma. Ba ma ɗora hoton ɗaliba sai da yardarta, domin hoton da muke gani na ado yana iya jawo mata magana a gida ko a gidan miji. Jerin sunaye mai ɗauke da lambobin waya ma mun daina fitarwa, musamman bayan dokar kare bayanan jama'a ta 2023, don daga irin jerin nan 'yan damfara ke samun waɗanda za su kira.

Abin da ya fi faranta mini rai a aikin shi ne jawo malamai su yi wa jama'a magana. Binciken jami'a yakan ƙare a mujallun da manomi ba zai taɓa gani ba. Na lallaɓi wani malamin aikin gona ya tsaya gaban wayata, ya bayyana da Hausa yadda ake adana wake a buhu mai ruɓi uku ba tare da zuba magani ba: a busar da shi sosai, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwarin sai su mutu don rashin iska. Bidiyon bai kai minti uku ba, amma manoma suka riƙa aiko da tambayoyi har sai da muka sake yin wani. Yanzu malaman lafiyar dabbobi da na harhaɗa magunguna su ke zuwa da kansu suna neman a naɗe su.

Da aka buɗe neman lamunin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, a 2024, 'yan damfara suka dawo da sabon salo, suna karɓar kuɗi wai za su cike wa ɗalibi fom. A wannan karon mun riga su. Muka zauna da wakilan aji, muka nuna musu yadda ake nema mataki-mataki, muka naɗi bayanin da Hausa da Turanci, muka kuma ware sa'o'i biyu kowace Laraba da ɗalibi zai zo ofis da wayarsa a taya shi cikewa kyauta.