Takarda, kullu da burodi: darussa daga gidan wasan 'yan tsana na Glover

A 1963 Peter Schumann, Bajamushe mai sassaƙa da rawa, ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Bread and Puppet (wato Burodi da 'Yar Tsana) a birnin Niyok, inda ta yi suna da manyan 'yan tsana a zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam. A 1970 suka koma jihar Vermont, suka zauna a gonar kwalejin Goddard, sannan a 1974 shi da matarsa Elka suka tare a wata gona a ƙauyen Glover, kusa da iyakar Kanada. Tsohon rumbun gonar ya zama gidan adana 'yan tsanan, wani rami da aka taɓa haƙar tsakuwa a cikinsa kuma ya zama dandali: iyalai su zauna a gangaren ciyawa, 'yan wasa suna ƙasa.

Wannan ramin darasi ne babba. A fili mai shimfiɗe, yaron da ke layi na huɗu ƙeyar babba kawai yake gani, nan da nan kuma sai ya fara kiriniya. A gangare kowa na hangen wasa ba tare da an kafa katako ko ɗaya ba. Inda babu gangare, sai a zaunar da yara kan tabarma a gaba, manya a baya, kuma a sa rana ta kasance bayan masu kallo don ta haska fuskar 'yar tsana.

Kayan aikinsu masu araha ne da gangan: yumɓu, takarda, kwali, tsummoki, itace. Ana fara gina fuskar da yumɓu, a zurfafa ido, a ƙara girman hanci da kumatu fiye da na mutum, domin daga nesa ƙananan zane ɓacewa suke. Sai a lulluɓe yumɓun da leda mara kauri ko a shafa masa man basilin, kafin a fara liƙa takarda a kansa. Wanda ya manta da wannan, takardar za ta kama yumɓun, ba ta fita sai a yage.

Kullun da ake liƙawa da shi ba wuya: kofi 1 na fulawa ko sitaci a kofi 5 na ruwa. A dama da ruwan sanyi tukuna, sannan a zuba cikin tafasasshe ana juyawa har ya yi kaurin kunu, a sa cokali 1 na gishiri don rage fumfuna. Takardar yaga ta ake yi da hannu, ba yanka ba, saboda bakin yagaggiya yana kwanciya ya haɗe da na kusa, bakin almakashi kuwa tashi yake. Takarda mai kauri irin ta buhu ta fi jarida ƙarfi. A jera hawa 4 zuwa 6, kowane hawa ya gitta na ƙarƙashinsa. A nan ne yawancin masu koyo ke asara: su yi duka hawan a zama ɗaya, waje ya bushe, ciki na jiƙe, bayan mako fuskar ta yi wari ta lotsa. Hawa 2 a rana ya isa. In fuskar ta bushe ƙayau sai a cire ta daga yumɓun, a naɗe bakinta da waya ko tsagin gora, a bi da farin fenti kafin launi.

Babbar 'yar tsana mutum 3 take buƙata: ɗaya ya ɗauki sandar da kai ke bisa, biyu su riƙe sandunan hannuwa. Abokin gabarta iska ne. Rigar da ta kai mita 4 tana kama iska ta ja mai ɗauka, shi ya sa ake zaɓar yadi mara nauyi, a bar gefensa a buɗe, a ɗaura igiyoyi 2 da wasu za su riƙe ta baya. Kuma a hankali ake juya kan. Fuskar ba ta motsi, don haka duk baƙin ciki ko mamakin da yaro zai gani daga sunkuyawa da ɗagawa yake fitowa. Mai gaggawa yana kashe wannan.

Magana daga cikin fuskar takarda ba ta kai wa nesa. A Glover sun dogara da ƙaho da ganga, da mai ba da labari da ke tsaye a fili yana nuna zanen da ke kan ƙyalle da sanda. Bayan wasa ana raba burodin da Schumann ke gasawa a tanderu, a shafa masa miyar tafarnuwa, kyauta. Raba shi na sa baƙi su tsaya su yi hira da masu wasa, yara su taɓa 'yan tsanan da hannunsu.

Darasi mafi ɗaci shi ne na yawan jama'a. Bikinsu na shekara-shekara ya girma har dubun-dubatar mutane ke zuwa ƙauyen da bai iya ɗaukarsu ba, ana kwana a filayen da ƙungiyar ba ta da iko da su. A 1998 aka kashe wani mutum a faɗa a ɗaya daga waɗannan filaye, Schumann ya dakatar da bikin. Maimakonsa suka rarraba wasan zuwa ranakun ƙarshen mako a watannin zafi, taro ya koma daidai ƙarfin gonar, aikin kuma ya ci gaba har yau.

Ajiya ma aiki ce. Kullu abinci ne ga ɓera da ƙwari, takarda kuma ba ta son laima. A rataye kawunan nesa da ƙasa inda iska ke ratsawa, kada a ƙunshe su a leda, a riƙa duba cikinsu kafin kowace damina, duk inda ya yi laushi a yanke a sake liƙa hawa 3.