Ƙwayar cuta ma tana da tsagarta

A jami'ar KNUST da ke Kumasi an koya mana gwajin Kirby-Bauer ne don mu faɗa wa likita maganin da zai kashe ƙwayar cuta. Ka shafa ta a farantin Mueller-Hinton, wato farantin abincin da ƙwaya ke tsirowa a kai, ka jera 'yan faya-fayan takarda masu ɗauke da magani, ta kwana a na'urar ɗumi, da safe ka ɗauko rula ka auna filin da ya kewaye kowane faifai, inda ƙwayar ta kasa tsirowa. Sai da na kama aiki a wani ɗakin gwaji nan Kumasi na ga ashe farantin nan har sunan ƙwayar yakan tona.

Wasu ƙwayoyin gadon taurin kansu suka yi, kamar tsaga a fuska. Klebsiella ba ta jin ampicillin. Proteus ba ta jin nitrofurantoin, ba ta jin colistin. Saboda haka in takarda ta ce Klebsiella, faranti kuma ya nuna ampicillin ya share ta tas, Hajiyar da ke shugabantarmu ba ta sa hannu. Sai ta ce, "Ɗana, cikin biyun nan ɗaya ƙarya yake yi, koma ka sake." Wani lokaci sunan ne ba daidai ba, wani lokaci awon ne ya karkace.

Wanda ya fi burge ni optochin ne, don ba a ba mara lafiya shi, aikinsa rarrabewa kawai. Pneumococcus, mai jawo ciwon huhu da sanƙarau, da danginta viridans duk kore-kore suke fitowa a farantin jini, ido ba ya raba su da sauƙi. Ka sa faifan, in fili ya kai milimita 14, pneumococcus ce. Haka novobiocin ke fito da Staphylococcus saprophyticus a fitsarin 'yan mata, ita ce ke ƙin mutuwa.

Taurin kan da aka koya daga baya kuwa ba abin raɗa suna ba ne. A unguwar Aboabo mutum ya shiga kemis ya sayi kafso biyu ko uku na amoxicillin, ya ji sauƙi, ya daina. Ƙwayar E. coli ɗin da ta saba da haka tana nan E. coli, ko magani nawa ta ƙi ji. Amfaninsa wani ne daban: in jarirai a ɗaki ɗaya suka kawo ƙwaya iri guda, mai ƙin magunguna iri guda, ba ma jiran gobe. Mukan kira masu jinya a duba hannuwa, da famfo, da robar ƙarin ruwa.