Kafin ka ce a yi mata filashin

Ranar wata Talata ce, hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari har ba ka hango ƙarshen layinmu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Wata dattijuwa ta tsaya a bakin shagona tare da jikanta, ta kwance bakin mayafi ta fito da waya a naɗe cikin hankici. Kafin ta buɗe baki yaron ya riga ta: “Oga, filashin kawai za a yi mata. Ta tsaya a logo. Nawa ne?”

Na ba Hajiya kujera, muka gaisa, na karɓi wayar na kunna. Tambarin kamfani ya fito, ya yi kamar daƙiƙa goma, fuskar ta yi baƙi, wayar ta ɗan girgiza, tambarin ya sake dawowa. Haka take ta kai gwauro tana kai mari.

Na ce, “Hajiya, akwai wani abu a ciki da ba ku so ya salwanta?”

Ta yi jim. Sannan ta ce, “Ɗan nan, muryar Malam ce a ciki. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Ni ban yi boko ba, da murya muke magana in ya tafi cin kasuwar ƙauye. Duk suna nan.”

Na ce Allah ya jiƙansa. Jikan ya gaya min sun fara zuwa wani shago, an ce su bar ta su dawo bayan rabin awa an yi mata filashin, amma hankalin Hajiya bai kwanta ba, ta karɓe kayanta. Wallahi da ta bari, da zai yi wuya ta sake jin wannan muryar har abada.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Kalmar filashin ta zama kamar farasitamol a bakin mutanenmu: waya ta yi nauyi, filashin, ta yi zafi, filashin, ta ƙi tashi, filashin. Alhali filashin shi ne a goge manhajar da wayar ke tafiya a kanta, a sake zuba mata ta asali, irin wadda ta fito da ita daga kamfani. Aiki ne mai amfani, ina cin abinci da shi, amma sau da yawa yana tafiya da hotuna da lambobi da saƙonni. Kuma wayoyin yanzu ba irin na da ba ne. Duk wayar da ta fito da Android 10 zuwa sama, wato daga 2019, bayanan cikinta a kulle suke da lambar sirrin mai ita. Ko ka ciro ma'ajiyar daga kan fanel, wato allon da ke ɗauke da kayan cikin waya, ka karanta, shirme za ka gani. Hanyar samun abin da ke ciki ɗaya ce: wayar ta tashi da kayanta, mai ita ya sa lambarsa. In ka goge, ka goge ke nan.

Shi ya sa ni tambaya nake fara yi kafin in taɓa sukundireba. Ta faɗi? Ta shiga ruwa? Tana cikin sabunta kanta caji ya ƙare? Ta daɗe tana kukan wuri ya cika? An ba wani ya “buɗe” ta, ko an sa mata wata manhaja daga wajen masu tura fina-finai? Kowace amsa da inda take nuna maka. Bayan nan sai in duba abubuwan da ake rainawa. Madannin kunnawa na farko. A lokacin hunturu ƙura kan shige ƙarƙashinsa, ko robar bayan waya ta danne shi, sai wayar ta ɗauka ana riƙe da shi, ta yi ta mutuwa tana tashi. Na sha cire roba kawai waya ta miƙe, mai ita ya tsaya yana kallona. Sai in cire layi da memori, don lalataccen memori yakan riƙe waya a tambari.

In duk wannan bai yi ba, sai in shiga rikobari, wato ɓoyayyen shafin gyara da ke cikin wayar, galibi da madannin kunnawa da na ƙara sauti a tare. Mutane da yawa kan tsorata in suka ga ɗan mutum-mutumin Android a kwance an rubuta “No command”, su ce waya ta mutu. Ba ta mutu ba. Riƙe madannin kunnawa, ka taɓa na ƙara sauti sau ɗaya, jerin zaɓi zai fito. In akwai “Wipe cache partition”, ba ya taɓa hotunanka. Wanda ke kusa da shi, “Wipe data/factory reset”, shi ne mai share komai, kuma a nan hannun yara ke zamewa. Ina roƙon duk mai gwadawa a gida ya karanta sau biyu kafin ya danna.

Ba daga littafi na koyi wannan taka-tsantsan ba. Wajen 2014, ina yaron shago, zamanin da wayoyi masu injin MediaTek MT6572 da MT6582 suka cika gari, wani direban babbar mota ya kawo wayarsa ta maƙale. Ogana ya tafi masallaci, ni kuma ina ɗokin in nuna na iya. Na buɗe SP Flash Tool, manhajar kwamfuta da ake filashin da ita, na ɗora fayil, maimakon in bar shi a “Download Only” sai na zaɓi “Format All + Download”, a tunanina wanki ya fi fita in an yi shi gaba ɗaya. Koren alama ta fito, waya ta tashi, na ji daɗi. Aka sa layi, babu sabis. Na danna *#06#, babu IMEI, wato lambar shaidar wayar. A jerin Wi-Fi kuma ga wani rubutu, “NVRAM WARNING: Err = 0x10”. Na share ɓangaren da ke riƙe da lambar shaidar wayar da saitin sabis ɗinta, ga lambobin abokan hulɗarsa na Legas da Fatakwal duk sun tafi. Ogana ya dawo bai yi min tsawa ba. Ya sa aka kawo kwalin wayar daga gidan mutumin, ya mayar mata da lambarta ta asali da ke jikin kwalin. Lambobin mutane kuwa ba su dawo ba. Abin da direban ya ce da ni kawai shi ne, “Yaro, ai da ka tambaye ni.” Har yau maganar tana min ciwo.

To, akwai ranar da filashin ya zama dole: sabuntawa ta katse a tsakiya, ko wani ya yi wa manhajar katsalandan, ko wayar na nuna jan gargaɗi cewa tsarinta ya gurɓace. A irin wannan rana, rabin aikin shi ne samun fayil ɗin da ya dace, kuma sunan da ke jikin kwali ba ya wadatarwa. Ɗauki Galaxy A12. Akwai SM-A125F mai injin MediaTek Helio P35, akwai SM-A127F mai Exynos 850. Suna ɗaya, kama ɗaya, ciki daban. Haka wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne, harafi ɗaya a ƙarshen lambar samfuri yakan raba fayil da fayil. Ina duba lambar a rikobari, ko a takardar da ke manne a bayan waya, ba na dogara da abin da kwastoma ya faɗa da baki.

Daga nan kowane inji da ƙofarsa. Mai MediaTek, SP Flash Tool da fayil ɗin sikata, wanda ke nuna inda kowane ɓangaren manhaja zai zauna, waya a kashe, ka danna “Download” tukuna ka soka kebul. In ina da ɗigon shakka a kan fayil, nakan cire alamar da ke kan “preloader”, domin shi ne ke fara tada wayar. Ka zuba wanda ba nata ba, ko caji ba za ta nuna ba. Kuma tun daga ranar direban nan, ba na zuba komai sai na fara kwafe nvram da nvdata, ɓangarorin da ke riƙe da IMEI da saitin sabis, na ajiye. Sababbin wayoyi da yawa ma ba sa karɓar filashin sai da fayil ɗin izini na kamfani, shi ya sa wani lokaci nakan ce wa mutum ya tafi ofishin gyaransu, Carlcare in Tecno ce ko 'yan uwanta, musamman in garanti bai ƙare ba. Ba kasawa ba ce, sauƙi ne gare shi. Masu Unisoc, wanda muka saba kira SPD, fayil ɗinsu guda ne mai ƙarewa da .pac. Masu Qualcomm in sun mutu murus, ta ƙofar gaggawa ake shiga, wadda kwamfuta ke nunawa da lamba 9008.

Samsung ita ce na fi son in yi wa yara bayani a kanta, saboda akwai rahama a tsarinta ga wanda ya sani. Manhajar Odin, wadda ake yi mata filashin da ita, tana da gurabe: BL, AP, CP, CSC. In ka buɗe fayil ɗin da ka sauke za ka ga CSC iri biyu, ɗaya CSC zalla, ɗaya HOME_CSC. Na farkon yana share waya. Na biyun yana sake zuba manhaja ya bar kayan mai ita a inda suke. Sau nawa aka goge hotunan bikin mutane saboda wanda ke gaban kwamfuta bai san bambancin waɗannan biyun ba! Ni da HOME_CSC nake farawa kullum, sai ya ƙi nake kiran mai waya in gaya masa gaskiya, in ya amince in share. Abu na biyu, Samsung ba ta komawa baya. A lambar manhajar, in ka ƙirgo daga ƙarshe, harafi na biyar shi ne matakin da wayar take. Fayil ɗin da matakinsa ya gaza nata ba zai shiga ba, sai dai ka ga “SW REV CHECK FAIL”. A Xiaomi kuma, can ƙasan manhajar filashin ɗinta, Mi Flash, akwai zaɓin “clean all and lock”. Ka bar shi a kai alhali fayil ɗin na wani yanki ne daban, ka kulle wayar a kan manhajar da ba za ta yarda ta tashi da ita ba. Ko iPhone, in ka haɗa ta da kwamfuta tana ba ka zaɓi biyu, “Update” da “Restore”, kuma na farkon ne ba ya share kaya.

Tablet ɗin yara, irin waɗanda alhazai ke kawowa tsaraba, su ne masu cin rai. Yawanci babu sunan kirki a jikinsu. Dole ka buɗe baya ka karanta lambar da ke kan fanel, ka ga ko Allwinner ne ko Rockchip. In fayil ya kusa dacewa amma bai dace ba, za ta tashi lafiya, sai ka taɓa fuskar ta ƙi amsawa, ko ta yi fari fat.

Wuta ma abin lura ce. Ba na filashin da kwamfutar tebur sai da laftof mai caji, don an taɓa ɗauke wuta wani maƙwabcina na tsakiyar aiki, wayar ba ta sake motsi ba sai da aka buɗe ta. Kebul mai kyau, caji ya haura rabi.

Akwai kuma maganar da wasu abokan sana'a ba sa son ji. Tun Android 5.1, a 2015, in aka share waya ta rikobari takan nemi akawun ɗin Google da ke kanta a da. An yi haka ne don ɓarawo. Saboda haka kafin in share wa mutum waya nakan tambaye shi ko yana tuna imel ɗinsa da kalmar sirri. Wanda kuma ya zo da waya a kulle, babu kwali, babu rasit, bai san lambar ko mutum ɗaya da ke ciki ba, ba na taɓawa. A garin nan an raunata mutane, an kashe wasu, a kan ƙwacen waya. Ba zan zama wanda ke wanke wa mai ƙwace kaya ba, ko nawa zai biya.

Wani ciwon kuma filashin ba ya maganinsa ko kaɗan. Ma'ajiyar cikin waya tana tsufa. In ta gaji, za ka share waya ta tashi ka tarar komai na nan kamar ba a taɓa ba, ko filashin ya riƙa tsayawa a wuri ɗaya kullum. Wannan aikin fanel ne, kuma gara a gaya wa mutum tun da wuri da a karɓi kuɗinsa sau uku.

Wayar Hajiya kuwa, da na cire robar sai na ga bayanta ya ɗan ɗago ta gefe ɗaya. Na ɗumama, na buɗe a hankali. Batir ya kumbura kamar fanke. Waya ta fi jan wuta a lokacin tashi, gajiyayyen batir kuma yakan nuna yana da caji, amma da an ja shi sai ƙarfinsa ya faɗi, wayar ta mutu, ta sake gwadawa. Na cire shi, na haɗa wayar da injin ba da wuta na kan tebur, na saita shi a bolt 4, na danna. Tambari ya fito. Daƙiƙa goma ta wuce. Ashirin. Allurar injin tana hawa tana sauka, ni kuma ban ce komai ba don kada in sa mata rai. Sai ga wurin sa lamba ya bayyana.

Na juya mata wayar a kan tebur, wayoyin wuta na maƙale da ita, na ce, “Hajiya, bismillah, ku sa lambarku.” Da yatsa ɗaya ta danna, a hankali. Kafin in nemi sabon batir sai da na shiga jakar “WhatsApp Voice Notes” na kwashe duk abin da ke ciki zuwa laftof, na zuba a sabon memori, na kuma tura wa jikan kwafi a tasa wayar.

Ta ce in kunna mata guda ɗaya ta tabbatar. Na kunna wanda ya zo hannuna. Muryar dattijo ce, da hayaniyar kasuwa a bayansa, yana cewa ya isa lafiya, a ba awaki ruwa kafin rana ta yi zafi. Yarona da ke goge wani fanel ya ajiye burushi. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, “Sake min shi, ɗan nan.”