Takardun da na ƙona da hannuna

Shekarar da muka shiga aji huɗu na sakandare aka raba mu gida biyu. Masu ƙoƙari a lissafi aka tura ajin kimiyya, sauran kuma ajin adabi, waɗanda muke yi wa kallon 'yan rakiya. Ni na faɗa kimiyya, kai ya kumbura. Tarihi yana cikin darussan da aka bar wa ɗalibi zaɓi, ni kuwa ko kallonsa ban yi ba. A ganina haddar sunayen matattu ce da shekarun mutuwarsu, kuma ban taɓa jin wanda ya gina gida da ita ba.

Malamin tarihinmu dattijo ne mai zuwa a kan wani tsohon keke, alli duk ya ɓata masa hannun riga. Wata rana ya tare ni a bakin aji ya ce, "Kai ɗan wace unguwa ne?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ka san dalilin da ya sa ake kiranta haka?" Na ce, "Malam, ai wannan ba zai fito a jarrabawa ba." Abokaina suka fashe da dariya, ni kuma na ji na burge. Shi dai ya dube ni, ya ja kekensa ya wuce. Allah Ya jiƙansa.

Ƙannena 'yan makaranta, ku nake rubuta wa wannan, musamman ku da ake ce wa masu ƙwaƙwalwa, don ku ne kuka fi saurin yin irin wautar da na yi.

Na wuce shekara talatin kafin na fara biyan bashin wannan amsar. Abokin aikina ne ya gayyace ni ɗaurin aurensa a Maraɗi. Muka bi ta Jibiya, muka tsallaka iyaka, kafin azahar muna cikin gari. Bayan an shafa fatiha muna zaune a zaure ana shan fura, sai na ji wani yana cewa an ga motocin Sarkin Katsina sun nufi fada. Na yi zumbur na ce, "Ashe Sarkinmu ya zo garin nan?" Zauren ya yi tsit. Wani tsoho mai farin gemu da ke jingine da bango ya ajiye ludayinsa ya ce, "Yaro, daga ina?" Na ce, "Daga Katsina, Baba." Ya ce, "To sannu da zuwa. Yaya kuka baro mana gidanmu?"

Dariyar da aka yi min ranar irin wadda na sa aka yi wa malamina ce. Bayan ta lafa tsohon ya matso da ni kusa da shi ya warware min. Sarkin Maraɗi shi ma Sarkin Katsina ake ce masa, har gobe. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, cikin 'yan shekaru birnin Katsina ya koma hannun masu tuta, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohon gidan sarauta ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi, suka tafi da sunan sarautarsu da muƙamansu. Haka Gobirawa suka yi: Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri, nan kusa da Maraɗi, inda Sarkin Gobir yake zaune. Iyakar da na tsaya ana buga min hatimi a kanta da safe, tsohon ya ce, jiya-jiya Ingila da Faransa suka shata ta, a yarjejeniyoyin da suka ƙulla a Turai.

An haife ni a Katsina, na girma ina wuce hasumiyar Gobarau kusan kullum, ina da digiri a aljihu, amma sai da na tsallaka wata ƙasa wani tsoho da bai taɓa zama a benci ba ya faɗa min labarin garinmu. Da na dawo na nemi littattafai, sai na ga ashe ba mu kaɗai ba ne. Sarakunan Zazzau na da su ma kudu suka yi, ɗaya daga cikinsu, Abu Ja, ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon babban birnin tarayya, sai tsohon garin ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Na sha kwana a Suleja ban san haka ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai daga zaman nan shi ne yadda tsohon ya ba da labarin. Abin da na tashi ina ji a gida a matsayin gyaran addini da kawar da zaluncin sarakuna, shi a bakinsa labarin kakanninsa ne da aka raba da garinsu. Da farko raina ya sosu, na so in yi musu, sai na tuna ba ni da abin da zan yi musun da shi. Daga baya na karanta ɓangarorin biyu, ina da ra'ayina a kai, kuma har yanzu ina girmama Shehu da almajiransa kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Amma tun daga ranar, duk labarin da aka kawo min sai na tambayi kaina: wa ya faɗa, a wane ɓangare yake tsaye, kuma me wancan ɓangaren zai ce? Wannan ita ce sana'ar masu tarihi ta ainihi, shekarun da muke tsoron haddacewa ƙusoshi ne kawai da ake rataye labari a jiki. Ku da kuke kwana kuna tashi da WhatsApp da TikTok, inda ake turo muku hoton rikicin wata ƙasa a ce a garinku aka yi jiya, kun fi mu buƙatar wannan ɗabi'a.

Kunyar Maraɗi mai sauƙi ce, an yi dariya an tashi. Kuskuren da ba ya gyaruwa tun kafin nan na riga na tafka shi.

Kakata ta wajen uba ta rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a. Mace ce mai son hira, in dare ya yi ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida tana kaɗa mazari tana zuba labari: yunwar da ta sa aka haƙa gidan tururuwa ana neman hatsi, yadda mahaifinta yake tafiya fatauci da jakuna ya yi watanni, wa ya auri wa, wa ya yi fushi ya bar gari. Ni kuwa ina gefe da rediyo a kunne ina jin ƙwallo. In ta kira ni sai in ce, "Hajiya, ai kin faɗa mana wannan." Ta faɗa ɗin kuwa, sau ba adadi, amma yau in za a yanka ni ba zan iya kawo sunan garin da aka haifi mahaifin nata ba.

Bayan sadakar arba'in aka ce in share ɗakinta. A ƙarƙashin gado na jawo wata tsohuwar adaka, a ciki akwai ƙunshin takardu a cikin gafaka, sun yi ja, gara ta ci gefensu, duk rubutun tawada ne da baƙaƙen Larabci. Na ɗauka yagaggun shafukan Alƙur'ani ne da addu'o'i. Na yi abin da aka koya mana a yi da irinsu don kada a taka: na kai su bayan gida na cinna musu ashana, na tsaya har suka zama toka, ina jin na yi aikin lada. Ban tambayi kowa ba, ga baffana a zaure, ga limamin unguwa gida uku tsakaninmu.

Takarda ɗaya ce ta tsira, ta maƙale a ƙasan adakar. Sai bayan dawowata daga Maraɗi na tuna da ita, na kai wa wani malamin zaure. Ya sa tabarau ya duba, ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai Hausa ce." Ajami ne. Wasiƙa ce daga Kumasi zuwa ga mahaifin kakata, gaisuwa ce da lissafin goro da sunayen mutum uku da ake bi bashi, sai saƙo a ƙarshe cewa a gaya wa wata mata ɗanta yana nan lafiya, ya yi aure. Malamin ya ɗago ya ce, "Ina sauran?" Na kasa ba shi amsa. Rashin sani, an ce, ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Wasiƙar nan ita ta kai ni ga karanta tarihin fataucin goro, yadda ayarin Hausawa suka riƙa zuwa Gwanja da kasuwar Salga suna kai kanwa da tufafi suna dawowa da goro, da yadda zangon da suke sauka ya zama unguwannin da har yanzu ake kira Zango a garuruwan Ghana. Wataƙila ina da dangi a can. Sunayen da za su kai ni gare su na ƙona su a bayan gidanmu.

Na san abin da wasunku za su ce, don ni ma na faɗe shi: tarihi ba ya kawo abinci. Ba zan yi muku ƙarya ba, wanda ya yi digiri a tarihi a ƙasar nan yana iya shan wahalar neman aiki, kuma ba na cewa mai son likitanci ya ajiye ilmin halittu ya koma haddar jerin sarakuna. Ita kanta gwamnati ta taɓa yin irin lissafina, ta cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka yi shekaru ana yaye yara ba tare da shi ba, sannan aka gane an yi ɓarna aka dawo da shi. Abin da nake cewa shi ne, in yana cikin jadawalinku kada ku mai da lokacinsa na barci ko na kwafar aikin lissafi. In an ba ku zaɓi kuma akwai gurbi, ku ɗauka. In malamin mai karanto littafi ne kawai kuna kwafa, ku riƙa ɗaga hannu kuna tambayarsa "me ya sa", ko da zai ji haushi. Wanda yake Kano ya shiga Gidan Makama ko sau ɗaya, na Kaduna ya leƙa Gidan Arewa, dukansu gidajen adana kayan tarihi ne. Kuma ku koyi karanta ajami. Wanda ya yi makarantar allo, 'yan makonni sun ishe shi.

Sai abin da ba ya jira. Littafi yana nan a kanta ko bayan shekara ashirin, dattijon gidanku kuwa ba ya nan. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku sayi goro ko ɗan tsire, ku zauna kusa da kaka ko baffa, ku danna. Kada ku ce "ba ni tarihi", za su ce ba su san komai ba. Ku tambaye su nawa aka biya sadakinsu, me aka ci a shekarar farin 1973, ina suke ranar da aka kashe Sardauna a 1966, wa ya fara zama a gidan nan, daga ina ya zo, me ya koro shi. In suka maimaita abin da suka faɗa jiya, ku bar su, a maimaicin ne wani suna yake faɗowa.

A gidanmu yanzu baffana kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga mahaifin kakata da idonsu. Ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi, wani lokaci yana haɗa sunayen mutane. Duk Juma'a bayan la'asar nake zuwa da 'yata ta fari, ita ke riƙe wayar. Makon jiya na karanta masa sunayen nan uku na cikin wasiƙar. Biyu bai san su ba. Na ukun ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce yana jin akwai jikokin mutumin a wajen Mashi, in dawo mako mai zuwa zai tuna sunan ƙauyen.